Ranar da Nomau Ya Kai Ƙofar Ɗakinsa Makaranta

A Rafin Kanya in ka ce a nuna maka gidan Nomau, sai an yi murmushi kafin a nuna. Ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba ne, gonarsa ma ta fi ta masu yi masa dariya kyau. Abu ɗaya ne da shi: magana yadda ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. Tun yana saurayi aka taɓa sa shi tsaron ƙofar lambu. Awaki suka keta shinge ta baya suka cinye rama tas, yana zaune yana kallonsu. Da aka tambaye shi sai ya ce, "Ai ƙofa aka ce." Tun daga nan yara suke kiransa Nomau Haka-aka-ce, shi kuma yana amsawa.

Su uku ne a gidan, in ba a sa jaki da akuya da kaji ba. Akwai matarsa Tabawa mai tuyar ƙosai, mace mai kaifin baki, wadda takan ce hankalin mutum biyu take ɗauke da shi, shi ya sa wuyanta ke ciwo. Sai 'yarsu tilo, Lantana. Sunan mahaifiyar Nomau aka sa mata, don haka shi Uwata yake ce mata. Doguwa ce kamar ubanta, ga ta da yawan tuntuɓe. Ta taɓa durƙusawa ta gai da kututturen giginya daga nesa, a zatonta Mai unguwa ne. Tabawa ta tafa hannu ta ce da gatse, "To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ranar ɗaukar yara, hedimasta Malam Ilu yakan sa kowane yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne, wanda ya taɓo ya isa shiga makaranta. Lantana ta taɓo nata har da rara. A aji ɗaya kuwa yara sun fi saba'in, kuma tsarin zama sananne ne, gajeru gaba, dogaye baya. Sai aka kai Lantana can ƙarshe, bayanta na jingine da bango. Ita dai murna take yi. Tana son rigar makaranta, tana son waƙoƙin safe, har ƙarar ƙarfen da ake bugawa tana so.

Da shekara ta yi nisa, malamar ajin, Malama Rakiya, ta aika a kira uban Lantana. Ta ce, "Malam Nomau, yarinyar nan ba ta fashi, ba ta fitina. Amma in na yi rubutu a allo na ce ta karanta, sai ta tsaya tana ƙifta ido. In ranar jarrabawa ta zo tana haka, za ta maimaita aji ɗaya."

Nomau ya kawo maganar gida yadda aka ba shi. Tabawa tana jiƙa wake, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Faɗuwa ta zo daidai da zama. Dama ni ce mai tuya, ni ce mai neman mai talla. In ta faɗi, ta ajiye jaka ta ɗauki faranti. Ba kowane kai ne na boko ba, Maigida."

Lantana tana bayan turmi, ta ji komai, ta yi kuka ba sauti. Abin ya sosa wa Nomau rai ƙwarai. Shi an daɗe ana ce masa wawa, bai taɓa hana shi cin tuwo ba. Amma a ce wa Uwata haka, wannan ba zai iya ba. Ko sau ɗaya bai taɓa zama a aji ba, duk da haka ya koma wurin Malama ya ce ta riƙa gaya masa abin da zai yi, zai yi. Baiwar Allah, ba ta san wanda take yi wa magana ba, ta ce to.

Wata rana Malama ta zana masa harafi mai lanƙwasa a guntun kwali, ta ce, "Kowane harafi da sautinsa. Wannan sautinsa sss. Ku riƙa yi ko'ina kuke, a gida, a hanya, har bakin rijiya, sai ya zauna mata." Da la'asar Nomau ya kama hannun Uwata suka nufi rijiya. Mata sun cika suna jan ruwa, don haka ya tsaya bayan ciyawa saboda kunya, suka fara, sss, sss. Mata suka saki guga a rijiya, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Maza suka fito da sanduna ana neman maciji. Nomau mutum ne mai taimako, shi ma ya karɓi sanda ya shiga nema, yana dukan ciyawa yana sss. An birkice itacen girkin gida uku kafin Mai unguwa ya lura cewa duk inda Nomau ya nufa, can macijin yake komawa. Ya ce, "Nomau, kai ne?" Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ai har bakin rijiya aka ce." Shi aka sa ya tsamo gugunan da ƙugiya. Lantana kuwa daga ranar, ko cikin barci ka nuna mata wannan harafi za ta gaya maka sautinsa.

Wata rana aka zo kan rubutu. Malama ta ce, "Ka share ƙasa, ka ba ta tsinke, ka riƙe mata hannu ku rubuta A tare. Kada ka sake ta sai ta iya." Nomau ya riƙe hannun tun daga ƙofar aji. Suka iso gida a haka, suka tsuguna gindin darbejiya a haka. Suka yi ta ja, A tana fitowa kamar bukkar da iska ta kayar. Azahar ta yi, Tabawa ta ajiye tuwo. Hannun damansa na riƙe da hannun damanta, ba mai iya kai loma baki.

"Maigida, sake ta ta ci abinci."

"Ba ta iya ba tukuna."

"To ka sake ta, in ta ci ka sake riƙewa."

"Malama ba ta ce a yi hutu ba."

Haka Tabawa ta zauna tana ba su a baki, ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin ita dai ta ga ta kanta, ta yaye 'ya ta koma yayen uba. Ladan ya kira la'asar, Nomau yana zufa, ga alwala ga hannu a riƙe. Lantana ta dubi ubanta ta ji tausayinsa. Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa ƙasa, ta ja layi biyu ta gitta musu ɗaya. Ya kwatanta da kwalin Malama, ya ga babu bambanci. Ya saki hannun ya ruga masallaci, takalmi ɗaya a ƙafa.

Wata rana Malama ta ce, "Yaro ya fi riƙe harafi in ya gan shi jikin abin da ya sani. Duk abin da ke gidanku, ka rubuta masa harafinsa na farko, yadda ba zai goge ba." Ta cika masa kwali da haruffa, ta nuna masa wane ne na me. Nomau ya bi ta wurin mai gyaran keke ya roƙo ragowar jan fenti. Turmi ya samu T. Ƙofar ɗaki, ta langa-langa, ta samu nata, babba, tun daga sama har ƙasa. Jaki ya samu J a cinya. Akuya ta samu A a kowane gefe, don kada ta juya a rasa karatu. Kaji sai da aka yi tsere da su, amma kowace ta samu K a fiffike. Shi kansa Lantana ya ba tsinken ta zana masa N a goshi. Ya tsaya yana dube-dube ko akwai abin da ya rage, sai ya hango sabon zanin Tabawa a kan igiya.

Da ta dawo daga niƙa ta ga jar T shimfiɗe a tsakiyar zanin bikinta, sai da ta nemi wuri ta zauna. Nomau ya ce a natse, "Tabawa, ke a gidan nan kike ko ba a gidan nan kike ba?" Abin da ta faɗa masa ba na faɗa a gaban yara ba ne. Zanin dai ya koma na tuya, N ɗin goshi kuma ta yi makonni, duk sabulun da aka sa. Lantana ta riƙa zagaya gida tana shafa kowane abu tana kiran harafinsa, har da goshin ubanta in ya sunkuyo.

Wata rana aka shiga lissafi. Malama ta ce, "Ɗebewa ba wuya. Misali, ka ajiye mata ƙosai goma, ka cinye uku, ka tambaye ta saura nawa. Ku yi ta maimaitawa." Ita misali ta ba shi, shi kuwa umarni ya ji. Washegari da safe Tabawa ta kwashe ƙosai a faranti, ta leƙa maƙwabta aron matsami. Nomau ya jera goma, ya ci uku. Lantana ta taɓa sauran da yatsa ta ce bakwai. Ya sake jera goma, wannan karon ya ba ta ta ci biyu. Ta ce takwas. Suka yi ta maimaitawa, tunda haka aka ce. Tabawa ta dawo daidai lokacin da yake tambaya, bakinsa na ƙyallin mai, "Uwata, saura nawa?"

Lantana ta leƙa farantin ta ce, "Babu, Baba. Malama ta ce sunansa sifili."

Tabawa ta ɗauki muciya, Nomau ya tuna yana da aiki a gona. Amma da hucewarta, ta jera albasa bakwai ta ɓoye huɗu a bayanta, ta tambayi yarinyar. Lantana ta ce uku. Tabawa ta daɗe tana kallonta.

To, ga inda gizo ke saƙar. A gida Lantana ta san haruffa, tana haɗa su, tana ƙara tana ɗebewa. A aji kuwa ana nan jiya i yau. Malama ta yi rubutu a allo, ta kira ta, ta miƙe can baya tana ƙifta ido, yara su yi dariya, ta zauna. Nomau ya rantse wa Malama cewa yarinya ta iya. Malama ta yi murmushin tausayi, domin wa zai gina magana kan shaidar Nomau Haka-aka-ce? Ranar kasuwa Tabawa ta dawo da ƙaramin faranti sabo, daidai kan yarinya, ta jingine shi a bango. Duk shigar da Nomau zai yi sai idonsa ya faɗa kansa. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba.

Ana gobe jarrabawa ya je wurin Malama. Ta gaji, alli duk ya ɓata mata hannu. Ta ce, "Mun yi iya yinmu, Malam Nomau, saura na Allah. Gobe ku zo da wuri. Duk abin da take karatu da shi a gida, ka tabbata ta zo da shi." Ita fensir take nufi da littafin rubutu.

Da safe mutanen Rafin Kanya suka ga abin da har yanzu ake ba da labarinsa. Nomau ya ɓalle ƙofar ɗaki ya ɗaura wa jaki. Ya ɗora kwandon kaji a kan ƙofar. Ya ɗaure akuya a ƙugunsa, yana gara turmi da ƙafa, kansa kuma ɗauke da farantin ƙosai mai zafi, saboda lissafi. Lantana na biye da jakarta, kunya kamar ta nutse. Can baya sai ga Tabawa a guje, da matsami a hannu, tana kiran a tare mata shi. Zanin tuya ne a jikinta, jar T na rawa a baya. Nomau ya waiwaya ya ji daɗi, ya ce, "Madalla. Dama ke kaɗai na rasa yadda zan ɗauko."

Malam Ilu ya fito daga ofis ya ga jaki a bakin aji ɗaya, ya ce wannan makaranta ce ba kasuwar ƙauye ba, a fitar masa da su. Nomau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da take karatu da shi aka ce." Malama Rakiya ta dafe kai, ta tuna bakinta ne ya jawo. Ta roƙi hedimasta a bar su a bakin ƙofa, a gama da yarinyar tukuna su tafi da kayansu.

Ta rubuta kalma a allo ta ce, "Lantana, karanta." Lantana ta miƙe can jikin bango. Ta ƙifta ido, ta ƙanƙance su, ta kasa karantawa. Nomau yana leƙe ta taga. Tabawa ta sauke ajiyar zuciya ta kau da kai.

Akuya ce ta gaji da tsayuwa. Ta fizge igiya ta faɗa aji, ta ratsa tsakanin yara ana ihu ana dariya, ta nufi wadda ta saba ba ta dusa. Lantana ta rungume wuyanta, ta shafa jan fentin da ke gefenta, ta ce a hankali yadda ta saba a gida, "A. Akuya." Malama tana biye da akuyar don ta kore ta, sai ta ji. Ta tsaya cak. Ta ce a shigo da ƙofar nan. Nomau ya kinkimo ta har ƙarshen aji ya jingine a gaban 'yarsa. Malama ta sa alli ta rubuta a jikin langa-langar kalmar nan da ke kan allo. Lantana ta matso da fuska ta ce, "Ba, ba. Baba." Malama ta rubuta wata, ta karanta. Ta rubuta tara a ɗebe huɗu, ta ce biyar.

Malama ta dubi ƙofar, ta dubi allon da ke can gaba, ta dubi idon yarinyar. Sai ta kama hannunta ta riƙa tafiya da ita a hankali zuwa gaba. Sun wuce dogaye, sun wuce matsakaita. Sai da suka zo layin gajeru Lantana ta ja ta tsaya, baki buɗe.

"Malama, ashe rubutu ne a jiki?"

"Da me kika ɗauka?"

"Na ɗauka farar ƙura ce. Ina ta mamakin yadda kowa yake karanta ƙura."

Ba wanda ya yi dariya, har yaran. Idon Malama ya kawo ruwa, ta ce shekara guda yarinya na gaya mata da ido ba ta gane ba. Tabawa kuwa a bakin ƙofa ta tuna kututturen giginya, ta tuna tuntuɓe, ta tuna duk ranar da ta ce mata sakarya. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Malam Ilu ya yi gyaran murya, ya ɗauki alli da kansa ya cika allo da tambayoyi. Lantana na tsaye a gaba, ta amsa su ɗaya bayan ɗaya, ta kuskure biyu kawai. Ya ce ta wuce zuwa aji biyu, kuma daga yau kowane malami ya tambayi na baya ko suna gani kafin ya tambaye su ko sun iya.

Tabawa ta share ido ta karɓi farantin ƙosai daga hannun mijinta. Ya ɗauka muciya ce za ta biyo baya, har ya fara ja da baya. Sai ta miƙa wa Malama ta ce a raba wa yara, su ma su koyi ɗebewa. Ƙaramin farantin nan na jikin bango kuwa murfin tukunyar miya ya koma.

Malama ta ce su kai Lantana asibitin birni a duba idon, kuma a gaba za ta riƙa zama. Da za su koma gida, Nomau ya aza ta a gaban jaki, kusan a wuyansa, shi da Tabawa da akuya suna biye. Ya kuma ce ko a gida ba wanda zai sake zama a gabanta. Tabawa ta ce ta ji, wannan karon ba ta yi gardama ba.

Bayan hutu aka koma makaranta, Lantana da ɗan tabarau ɗaure da zare ta ƙeya don kada ya faɗi. Da aka tashi, Nomau yana tsaye gindin kanyar da ke can bakin fili, inda ya saba jiran ta kullum. Da can sai ta zo dab da shi take gane shi, ko ta ji muryarsa. Ranar nan tun daga ƙofar aji ta tsaya tana kallonsa. Ta taho a hankali, ba tuntuɓe ko ɗaya, ta kama hannunsa.

"Baba, ashe tun daga nesa kake yi mini murmushi?"

"Kullum, Uwata."

"Malama ce ta ce ka riƙa yi?"

Nomau ya tsaya yana tunani, domin ba ya son ya faɗi abin da ba haka yake ba. Ya bi duk maganganun Malama ɗaya bayan ɗaya a ransa, ya bi na Tabawa, ya bi na Mai unguwa. Sannan ya girgiza kai.

"A'a. Wannan ba wanda ya ce."